Cokalin da Bai Je Mars Ba

Wata goma sha huɗu Mas'uda Ilu ta yi tana tsaron cokali ɗaya a birnin Guangzhou. Haka take gaya wa mahaifiyarta idan sun yi waya, tsohuwar ta yi dariya daga can Gwammaja ta ce, "Ashe wanke-wanke kika je koyo China."

Cokalin bai fi tafin hannu ba. An ƙera shi da wani ƙarfe mara nauyi, bakinsa da ƙananan haƙora. Shi za a ɗaura a ƙarshen hannun wata na'ura mai ƙafa uku da za a harba zuwa duniyar Mars, ba tare da mutum a ciki ba. Idan ta sauka lafiya za ta miƙa hannu ta ɗebo ƙasa da cokalin, ta zuba a wani ɗan tanda da ke cikinta, ta gasa, sannan ta shinshina tururin ko akwai alamar wani abu ya taɓa rayuwa a wurin. Jami'o'in ƙasashe da dama ne suka haɗa hannu a aikin, kowace da rabonta. Rabon jami'ar su Mas'uda shi ne cokalin.

Digiri na uku take yi a kan ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani, aikinta kuma ta tabbatar babu ko ɗaya da ya maƙale a jikin ƙarfen. Shugabar aikin, Farfesa Kuang, wata gajeriyar mace mai furfura wadda magana ba ta dame ta ba, ta yi mata bayani tun ranar farko: idan gumin yatsa ɗaya ya bi cokalin, na'urar za ta je Mars ta shinshino gumin nan, ta aiko wa duniya labarin ƙarya.

Jami'ar ta kama hayar ɗaki a hawa na huɗu na wata masana'anta a unguwar Panyu. A ƙasa ana haɗa fitilun titi masu aiki da hasken rana, a sama kuma akwai abin da suke kira farin ɗaki, inda ake tace iska ba tsayawa. Kafin Mas'uda ta shiga sai ta yi kusan minti arba'in tana shiri: wanke hannu har gwiwa, riga mai haɗe da wando, hula, takunkumi, safar hannu biyu, sannan ta tsaya a wani lungu iska mai ƙarfi ta kaɗe ta. Ta bar kwalli, ta bar lalle, ta bar humra, ita da a gida ko maƙota ba ta shiga sai ta shafa. Duk Litinin da Alhamis takan goga tsinken auduga a jikin cokalin, ta shafa abin da ta kwaso a ɗan faranti mai abincin ƙwayoyin, ta ajiye a ɗumi kwana uku. Idan faranti ya fito fes, ta rubuta sifili. Wata biyar a jere sifili take rubutawa.

Ana saura mako guda a rufe cokalin a aika da shi inda ake haɗa na'urar, Kawu Ango ya kira ta.

Kawu Ango ƙanin mahaifiyarta ne. Shekararsa goma sha shida a Guangzhou, yana da ofis a wani bene a titin Liuhua Lu, yana saya wa 'yan kasuwar Kano kaya ya yi musu lodi. Shi ya tarbe ta a filin jirgin Baiyun, shi ya saya mata bargo da tukunyar lantarki, kuma duk Juma'a sai ya aika mata tuwo daga wajen wata 'yar Damagaram mai sayar da abinci.

"'Yata, babban baƙo na yi," in ji shi. "Alhaji Maidaji, shugaban kwamitin kimiyya da ƙere-ƙere na jiharsu. Fitilun titi ya zo saya, na kai shi wurin Lawban Tam, mai masana'antarku. Da ya ji akwai 'yar gida a sama tana aikin kumbo, ya ce lallai sai ya gan ki."

Lawban, wato maigida da bakin mutanen garin. Mas'uda ta san Tam, siririn mutum mai yawan murmushi, wanda kullum wayoyi biyu ke hannunsa.

Washegari da azahar ta same su a wani gidan abincin Musulmi kusa da ofishin Kawu. Alhaji Maidaji ƙato ne, cikin shadda ruwan toka, zobba uku a hannu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya ce ta zauna, ya ci gaba da cin naman rago. Yakan tsotse ɓargo ya furzar da guntun ƙashi a kan tebur, ya lashe yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya sake mai da su cikin kwanon da kowa ke ɗiba. Da ya gama ya zaro goro daga wani jiƙaƙƙen ƙyalle a aljihu, ya ɓantara ya jefa a baki.

"Dakta, wannan Mars ɗin, da ita da wata wanne ya fi nisa?"

"Ban zama dakta ba tukuna, ranka ya daɗe. Mars ta fi nisa ƙwarai. Tafiyar wata bakwai ce."

"Wata bakwai! To a ina za ta sha mai a hanya?"

Ta buɗe baki za ta amsa, ya riga ya juya ga Kawu. "Mu ma muna da irin wannan shirin a jiharmu. Har an ware fili." Yana magana ɓarɓashin goro na tsalle daga bakinsa. Ɗaya ya sauka a leɓen kofin shayinta. Ta ja hannunta daga kofin a hankali, ba ta ƙara taɓa shi ba.

"Ina son in ga abin da idona," in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, ba a shiga ɗakin. Ko shugaban jami'armu ta bayan gilashi ya gani."

"To shi ke nan, gilashin ma ya isa," Kawu ya yi caraf ya ce, yana yi mata wani kallo na roƙo. "'Yata za ta shirya."

Ba don son ranta ba ta roƙi Farfesa Kuang. Farfesa ta yarda da minti goma, ranar Alhamis, daga baranda kawai. Mas'uda ta cike takardar baƙi ta sa hannu a matsayin mai masaukinsu.

Ranar Alhamis Farfesa tana taro a Beijing. Injiniyan da suke aiki tare ya sauka ƙasa karɓo jakunkunan da za a rufe cokalin a ciki, don haka Mas'uda ita kaɗai ce a farin ɗaki sa'ad da baƙin suka iso da hantsi. Ta buɗe murfin akwatin gilashin da cokalin yake ciki ke nan, za ta yi gugar ƙarshe. Ta ɗago ta gan su a baranda, ta ɗaga musu hannu, ta nuna musu cokalin. Alhaji ya manna hanci a gilashi har numfashinsa ya yi hazo a wurin. Ya faɗi wani abu, Tam ya yi ta gyaɗa kai, sai suka ɓace. Ta yi hamdala ta koma kan aikinta.

Ba a yi minti biyar ba ta ji ƙofar lungun iska ta buɗe. Tam yana da katin da ke buɗe kowace ƙofa a gininsa. Su uku suka shigo, sun zura fararen riguna a kan kayansu a gaggauce. Ta Alhaji ta ƙi rufuwa a ciki, shadda ta leƙo waje, ƙafarsa ɗaya ko rufin takalmi babu.

"Ku tsaya nan!" ta faɗa da Hausa, ta maimaita da Sinanci. "Ba a shigowa. Don Allah ku koma."

"Minti ɗaya kawai," Tam ya ce da guntun Turancinsa. "Babban baƙo. Fitila dubu huɗu."

Hannunta ɗaya da tsinken auduga, ɗayan da kwalbarsa. Ta juya ta ajiye su don ta rufe murfin, sai Kawu ya riƙe mata gwiwar hannu.

"'Yata, ki duba girmansa. Kallo kawai zai yi."

Kafin ta fizge, Alhaji ya riga ya wuce ta ya tsaya a kan akwatin. Ya ja takunkuminsa ƙasan haɓa.

"Ango, ɗauki."

Kawu ya sake ta ya ɗaga waya. Alhaji ya ɗaga hannuwa, ya fuskanci wayar, ya ja addu'a da ƙarfi yana kaɗa kai. Mas'uda ta tsaya kamar an dasa ta, tana kallon buɗaɗɗen bakin nan a saman aikinta. Sai ya sunkuya a kan cokalin ya yi tofi. Tuf, tuf, tuf.

Hasken ɗakin ba ya ɓoye komai. Ta ga jajayen ɗigo a cikin cokalin. Ta ga ɓarɓashin goro ya maƙale tsakanin haƙoransa na ƙarfe. Wani zaren yawu ya rataya daga leɓen Alhaji zuwa bakin akwatin, ya yi lilo, sannan ya tsinke.

"Ka samu fuskata?"

"Hular ta ɗan rufe, Alhaji."

"To bari in sake."

Ya tura hular baya. Ihun da Mas'uda ta yi ya makara, ya riga ya ƙara tofa uku. Ta ture hannunsa ta buga murfin ta rufe.

"Ku fita! Ku fita, na ce!"

"A'a," in ji Alhaji, yana gyara zobe. "Ango, 'yar taka akwai zafin kai."

Ta kora su har ɗakin sauya kaya, tana danne abin da ke taso mata, don ta san idan ta yi amai a farin ɗaki an gama da shi gaba ɗaya. Tana cire takunkumi ta durƙusa a kan kwandon shara ta amayar da duk abin da ta karya da shi. Alhaji ya toshe hanci ya fice, ya ce a same shi a mota.

Sai a lokacin murmushin Tam ya gushe. Ya ɗauko kwalbar sifirit daga kanta ya miƙa mata. "Ki goge. Zai yi ƙyalli. Ba wanda zai sani."

"Ki yi haƙuri, 'yata," in ji Kawu. "Addu'a ce fa ya yi. Albarka ya sa muku."

Ta goge bakinta ta dube shi. "Kawu, addu'a ce sai an ɗauke ta sau biyu?"

Ya duba agogo. Ya ce Alhaji na jira, suka sauka.

Ta daɗe zaune a kan benci da kwalbar sifirit a gefenta. Gaskiya ta yi tunanin gogewa. Ranar Litinin za a rufe cokalin, a yi hoto, a yaba mata. Amma ta san sifirit ƙwayoyin zai kashe kawai, ragowar yawun zai shige lungunan haƙoran ya bushe a can. Wata rana na'urar za ta gasa ƙasar Mars haɗe da goron Alhaji Maidaji, masana su zauna suna rubuta littattafai a kai. Ta tashi ta wanke fuska, ta sake shirin minti arba'in, ta shiga. Ta ɗauki hoton cokalin ta kowane gefe, ta goga tsinke a cikin jan ruwan tana kau da kai, ta rufe. Sannan ta kira Farfesa Kuang.

Farfesa ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba. 

"Akwai cokali na biyu a ajiye," in ji Farfesa. "Sai ya yi mako shida na wanki da gwaji kafin a yarda da shi. Masu haɗa na'urar ba za su jira mu fiye da mako bakwai ba. Idan aka rasa wannan lokacin, Mars ba za ta sake matsowa kusa ba sai bayan wata ashirin da shida. Ki rubuta duk abin da ya faru, yanzu, kafin ki manta."

Ranar Lahadi ta buɗe akwatin ɗumi ta zaro farantan. Wata biyar ta saba ganinsu garau kamar ruwan rijiya. Yau sun cika. Wasu ƙulle-ƙulle farare masu maiƙo, wasu rawaya kamar majina, wani kuma ya bazu ya yi gashi-gashi ya haye bangon farantin. Duk da takunkumi warin ya same ta, warin bakin da ya kwana ba a wanke ba, an kulle shi kwana uku a cikin zafi. Ta ƙirga har ɗari uku a faranti na farko ta daina, ta rubuta cewa sun wuce ƙirga. Kwana biyu ba ta iya cin komai ba sai busasshen burodi. Ko kindirmo ta gani a shago sai ta kau da kai.

Jami'a ta kafa kwamitin bincike. Tam ya zo da murmushinsa ya ce ɗalibar ce ta roƙe shi ya buɗe wa danginta ƙofa, shi kuma ya ji kunyar ƙi. Aka tambayi hoton kyamarar ɗakin, ya buɗe tafin hannu ya ce meyo, babu, ta lalace tun ranar Laraba. Aka ajiye takardar baƙi a gaban Mas'uda, ga sa hannunta ɓaro-ɓaro.

Da aka tashi ta kira Kawu.

"Kawu, ka turo mini bidiyon nan. Shi kaɗai zai wanke ni."

"Ai wayar Alhaji ce, ya tafi da ita."

"To ka zo ka faɗa musu wanda ya buɗe ƙofa."

Ya yi gyaran murya. "Mas'uda, shekara takwas ina harka da Tam. In na tona shi, wace masana'anta za ta sake buɗe mini ƙofa a Panyu? Ga shawara. Ki ce atishawa ce ta kufce miki. Ke ɗaliba ce, faɗa za su yi miki su yafe."

"In ce yawuna ne?"

"Yawu ai yawu ne, 'yata."

Ta kashe wayar. Tunda take ba ta taɓa kashe wa babba waya ba. Ta tsaya a bakin famfo ta yi ta wanke hannu, ita kanta ba ta san me take wankewa ba.

Alhaji Maidaji ne ya wanke ta da kansa, ba da niyya ba. Yana sauka Najeriya ya saki bidiyon a shafukansa, aka rubuta a ƙasa cewa ga shugaba mai kishin kimiyya yana sa wa kumbon Mars albarka. Saffana, wata ɗalibar likitanci 'yar Maraɗi da suke kwana a gini ɗaya, ita ta kawo mata wayarta ta ce, "Wannan ba muryarki ba ce?" Ba su ko yanke bidiyon ba. Ga Tam a baya riƙe da katinsa yana murmushi, ga tofin farko, ga na biyu, ga ihunta tana cewa su fita.

Ta fassara kowace kalma ta kai wa kwamiti. Suka kalla sau ɗaya, wata tsohuwar malama a cikinsu ta rufe baki da hannu. Suka yarda ba ƙarya ta yi ba, amma suka karɓe katinta na farin ɗaki, tunda dai ita ta kawo baƙin. Tam aka rubuta masa takardar gargaɗi, aka canza makullin hawa na huɗu. A makon nan aka fara lodin fitilunsa.

"Na yi musu gardama, sun fi ni yawa," Farfesa Kuang ta gaya mata. "Ba za ki shiga ɗakin ba. Amma duk tsinken da aka goga, wurinki za a kawo shi. Ban yarda da idon kowa ba sai naki."

Haka aka yi mako shida. Wasu ke shiga su goga, a sa tsinkayen a akwatin ƙanƙara a kawo mata jami'a ta jirgin ƙasa, ita ta shafa a faranti ta jira. A mako na biyu ƙulli huɗu suka fito, aka sake wanke cokalin aka gasa shi. Injiniyoyin suka daina gaishe ta a baranda, don saboda baƙinta suke kwana a wurin aiki. Ba ta ga laifinsu ba. Saura kwana biyu wa'adi ya cika ta rubuta sifili na ƙarshe, aka rufe cokali na biyu aka aika. Ita a hoto kawai ta gan shi.

Bayan wata huɗu, ranar wata Talata da hantsi, aka harba rokar daga tsibirin Hainan. 'Yan aikin suka taru a babban zauren jami'a suna kallo a allo. Rokar na tsaye fara sol, tururi na zuba daga gefenta. Aka ƙirga daga goma zuwa ɗaya, wuta ta ɓarke a ƙarƙashinta, ta yi kamar ba za ta tashi ba, sannan ta ɗaga a hankali, ta miƙe ta shige gajimare. Ba wanda ya yi tafi sai bayan rabin sa'a, da aka sanar cewa na'urar ta rabu da rokar ta kama hanyarta. Zauren ya kaure. Farfesa Kuang ta kama hannun Mas'uda ta matse. Mas'uda ta ji hawaye na bin kumatunta, ta bar su.

Da la'asar Kawu Ango ya kira ya ce yana bakin ƙofar jami'a. Tun ranar da ta kashe masa waya ba su haɗu ba. Ta fito ta same shi da leda a hannu, fuskarsa a sake kamar ba abin da ya taɓa faruwa.

"Barka, barka! Mun kalla a ofis, mutum ya fi talatin. Ga saƙo daga Alhaji."

Ya zaro wani allon katako mai ruwan zinariya, da hoton Alhaji a sama da sunanta a ƙasa, an rubuta shi ba daidai ba. Lambar yabo ce daga kwamitinsa. Sai kuma wata takarda.

"Wannan za ki karanta in ɗauke ki. Minti ɗaya. Gobe za a sa a talabijin ɗin jiha."

Ta karanta a zuci. An rubuta mata ta gode wa Alhaji Maidaji, uban ɗalibai, wanda ya tsaya mata a karatunta, wanda kuma addu'arsa ke rakiyar kumbo a sararin samaniya a yanzu haka.

"Kawu, cokalin da ya tofa wa bai je ko'ina ba. Yana cikin leda a kabad, an manna masa jar takarda an rubuta ya lalace."

"Na sani. Tam ya gaya mini tuni." Ya ɗan matso ya rage murya. "Amma a gida wa ya sani?"

Ta dube shi, mutumin da ya riƙe mata jaka ranar da ta sauka a garin nan ba ta san kowa ba. Ta ji irin abin da ta ji ranar da ta buɗe farantan. Ta mayar da allon da takardar cikin ledar, ta rataya masa a hannu.

"Ka mayar masa, Kawu. Ka sauka lafiya."

Da ta koma ɗaki ta rubuta abin da ya faru, tun daga buɗe ƙofa har mako shidan da mutane suka yi ba hutu, ta tura a zauren WeChat na Hausawan Guangzhou, inda tun safe ake ta yaɗa bidiyon Alhaji da kabbara. Ba ta zagi kowa ba. Amsoshi suka fara shigowa. Wani ya ce boko ya sa ta raina addu'a. Wani ya ce ko da gaskiya ne, ina rufin asiri? Wani ɗan kasuwar Kwari ya ce yarinyar da ta tona kawunta a bainar jama'a ba ta da tarbiyya. Mutum uku suka rubuto mata a gefe suka ce ta yi daidai, amma a zauren ba wanda ya ce uffan. Kafin magariba mai kula da zauren ya goge rubutunta, ya bar bidiyon.

Kwana biyu bayan haka mahaifiyarta ta kira.

"Ango ya kawo ƙararki. Me ya haɗa ku?"

Ta ba ta labari duka. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Da goro a bakinsa?"

"Da goro, Umma."

"Har sau biyu?"

"Har sau biyu."

"Tir! Allah wadaran ƙazanta." Ta ja tsaki mai tsawo. "Shi kuma Ango zan gamu da shi. Amma ki ji, ɗan'uwana ne. Duk inda kika gan shi ki gaishe shi."

Tuwon Juma'a bai sake zuwa ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta koma kan rubutun digirinta. Bayan wata bakwai na'urar ta sauka lafiya, a kwana na tara ta miƙa hannu ta ɗebo ƙasa. Mas'uda tana cikin jirgin ƙasa a tsaye Farfesa ta turo mata hoton. Ta buɗe shi ta faɗaɗa da yatsu, ta bi haƙoran cokalin ɗaya bayan ɗaya, har ta wuce tasharta ba ta sani ba. A makon nan Saffana ta gaya mata an ƙara wa Alhaji Maidaji muƙami, kuma a takardar tarihinsa an rubuta cewa ya ba da gudummawa a binciken duniyar Mars.

Da Sallah ta zo ta hango Kawu Ango a harabar masallaci bayan an idar, cikin sabuwar shadda, 'yan kasuwa kewaye da shi. Ta je ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi karatu, ta ce alhamdulillahi. Ya ce akwai walima a ofis, an yanka rago, ta zo ta ci. Ta ce tana da faranti a ɗumi da za ta duba kafin azahar, ta yi masa barka da Sallah, ta nufi tashar jirgi.